Sandar da Ta Sauya Hannu

Ku da kuka zo koyo bana, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya lokacin da na fita alwala. Wai sa ɗan mutum ya yi tafiya a cikin wasan waya aikin yini ɗaya ne: a zana ƙafa a gaba, a zana ƙafa a baya, shi ke nan. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka da farko. Amma tunda kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, babu abin da za mu kunna, ku jawo kujerunku in gaya muku yadda aikin yake.

Kun san ni da Madam Rakiya mai atiliye, wato wannan ɗakin aikin, a unguwar Albarika. Kafin nan, ni mai buga wa mutane takardu ce a wani gidan kwamfuta a nan Parakou. Mai gidan, Mushe Basiru, kamar yadda muke kiran malami da Faransanci, tsohon malamin lekol ne, wato makarantar boko. Idan babu jama'a, sai ya zauna a kusurwa yana haɗa ƙananan wasanni da yara za su koyi baƙaƙe da ƙirga. Ina leƙensa har wata rana ya ce, "Rakiya, ko dai ki zo ki koya, ko ki daina tsaya mini a ka."

Bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Takardar lekol mai gida-gida ya ba ni da fensir, ya ce kowane gida ɗigo ɗaya ne a fuskar na'ura, in zana masa mutum a tsaye. Na zana. Ya ce in zana shi yana tafiya. Na zana ƙafa gaba, ƙafa baya, kamar yadda ɗan'uwanku ya ce. Ya duba, ya tambaye ni, "Idan mutum yana tafiya, me kansa yake yi?"

Na ce, "Mushe, kai ai yana nan a wuya."

Ya ce in tafi kasuwa in zauna a rumfar mahaifina, kada in dubi fuskar kowa, in dubi yadda suke tafiya. Na yi kwanaki ina zaune tsakanin atamfofi ina kallon ƙafafun mutane, har Babana ya tambaye ni ko wani abu na yar. A can na ga cewa kai yana sauka idan ƙafafu sun buɗe, yana hawa idan sun haɗu. Na ga hannun dama yana bin ƙafar hagu. Na ga mai ɗauke da daron doya, kanta ba ya motsi ko kaɗan, ƙugu ne yake shanye hawa da saukar. Na ga tsoho ba ya ɗaga ƙafa sosai, yaro kuwa kamar ƙasa na ƙona shi. Duk wannan sai ya shiga cikin hoton da bai kai farcen babban yatsa ba.

Aikina na farko wata yarinya ce mai jakar lekol da take tafiya tana tsintar baƙaƙe a hanya. Hotuna takwas na yi mata, na jera su a layi ɗaya, Mushe ya koya mini rubuta umarnin da zai riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya, idan an kai na ƙarshe a koma na farko. Na kunna, yarinya ta tafi. Sai Mushe ya ɗora yatsa a fuskar kwamfutar, daidai ƙafarta, ya ce, "A kan sabulu kika ɗora ta?"

Gaskiyarsa. Ƙafafunta suna motsi, amma jikin yana sulalewa kamar an ja ta da igiya. Ku riƙe wannan, domin nan kowane sabon shiga yake faɗuwa. Abu biyu ne suke gudana lokaci guda: saurin da hotunan suke canzawa, da saurin da ɗan mutumin yake matsawa gaba. Idan ba su daidaita ba, ko dai ya yi santsi, ko ya yi ta wutsil-wutsil a wuri ɗaya. Ƙafar da ta taka ƙasa ba ta motsi, jiki ne yake wucewa ta kanta. Na daɗe ina ƙara lamba ina ragewa kafin yarinyar nan ta taka ƙasa da gaske.

Kayan aikinmu a lokacin tsohuwar kwamfuta ce mai ƙaton baya, da linzami mai ƙwallo a ciki wanda sai an buɗe an goge datti. Da wayoyi suka yawaita muka koma yin wasannin waya. Tun daga nan ban taɓa gwada aiki a waya mai tsada ba. Waccan mai tsagaggen gilashi da kuke yi wa dariya, ita ce alƙalina. Idan ɗan mutum ya yi tafiya a cikinta ba tare da sarƙewa ba, zai yi a ko'ina. Wayar talaka cikinta ƙarami ne, kowane hoto nauyi ne. Saboda haka Mushe ya koya mini dabarar da kowa ke yi: ka zana tafiya zuwa dama kawai, idan ɗan mutumin zai koma hagu, ka umarci na'ura ta juya hoton kamar a madubi. Rabin aiki, rabin nauyi.

Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. Akwai shugabannin lekol masu zaman kansu da suke son wasan ƙirga da tambarin makarantarsu. Akwai wani mai sayar da kayan babur da ya so a sa shi kansa a wasa, na zana shi, ya ce na ramar da shi, na ƙara masa ciki, ya ce na zage shi. Akwai wadda ta mayar mini da aiki domin wai matar da na zana tana karkaɗa ƙugu da yawa, alhali ɗigo ɗaya ne kawai yake motsawa. Na fi son mai cewa a sa wa mutum babbar riga. Riga tana rufe gwiwa, sai ka motsa takalmi da gefen riga, ka huta.

Bayan Mushe Basiru ya tsufa ya daina aiki, na buɗe wannan wurin tare da wani ɗalibinsa, Nasiru. Ni zane, shi rubutun umarni. Muna tafiya daidai har muguwar shekara ta zo. Da farko mutane suka gano ana samun 'yan mutane shiryayyu kyauta a intanet, wasu ma na'ura ce take zana musu. Ba su damu ba ko ɗan mutumin ya sa rigar sanyi yana tafiya a kasuwar Parakou. Lekol biyu da muke yi wa aiki suka daina kira. Sai wata rana kuran ya dawo da ƙarfi ya ƙona babbar kwamfutarmu, da duk zanen da na tara tun zamanin Mushe. Nasiru ya haƙura na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, na samu wuri a Kwatano." Ban hana shi ba. Ya bar mini ƙaramar kwamfutarsa mai batir da ba ya riƙe wuta. Mai ɗakin da nake haya ya fara zagayo da wani tela yana nuna masa faɗin wurin, ina zaune.

A cikin wannan hali wata mata ta kira ni daga Djougou. Sunanta Madam Zainabu, aikinta koya wa masu shanyewar ɓarin jiki tafiya, abin da muke kira kine. Ta ce matsalarta ita ce majinyata suna koyon tafiya da sanda a wurinta, idan suka koma ƙauye sai su manta tsarin. Sanda tana hannun da yake da lafiya. Sanda ce take fara fita, sai ƙafar da ta shanye, sai ƙafa mai lafiya. Wanda ya rikita wannan yana iya faɗuwa, tsoho kuwa idan ya faɗi ya karya ƙugu, sau da yawa ba ya sake tashi. Tana son ƙaramin wasa: ɗan gidan ya riƙe waya ya danna, ɗan mutum ya yi taki ɗaya, majinyaci ya bi.

Na ce mata ban taɓa zana irin wannan tafiyar ba, sai na gani. Ta ce in zo, mahaifinta ma ciwon ya same shi.

Mahaifin nata, Alhaji Sule, ɗan gidan fataken goro ne tun kakanni. Na same shi a tsakar gida a kan kujera, hannun hagu a lanƙwashe a ƙirji, sanda a jingine da bango can nesa da shi. Na durƙusa na gaishe shi. Madam Zainabu ta ce, "Baba, ga wadda na ce maka. Za ta kalli yadda kake tafiya."

Ya ce, "Ni abin kallo ne yanzu?"

Na ce, "Baba, ƙafa kawai zan duba. Fuska ba aikina ba ce."

Sannan ya miƙa hannu aka ba shi sanda, ya tashi ya tafi daga kujera zuwa ƙofar ɗakinsa, sau ɗaya, ya shige ya ja labule. Abin da na samu ke nan. Na ga ƙafar hagu ba ta lanƙwasa a gwiwa, zagayowa take yi ta gefe, yatsu na jan ƙasa. Na ga kafaɗar dama tana nutsewa kan sanda. Na zana abin da na iya a cikin motar komawa Parakou, mota na girgiza, ina tsoron kada hoton ya gudu daga kaina.

Wannan tafiyar ba ta shiga hotuna takwas ba, domin taki uku ne ba biyu ba, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ga shi babu Nasiru, ni ce mai zane, ni ce mai rubutu, abin da na daɗe ban yi ba. Duk lokacin da fitila ta yi ƙyaf sai in zare wayar kwamfuta daga bango. Na riƙa ajiye aikin a wuri biyu. Da na gama na gwada a tsagaggiyar wayar, ya tafi sumul: ɗan tsoho mai farar riga ya fita daga ƙofar gida, ya kai masallaci, ya juya ya dawo. Na aika wa Madam Zainabu ta gani kafin in zo, ta amsa cewa tafiyar ta yi daidai.

Ranar da na koma Djougou muka zauna a gaban Alhaji, na riƙe masa wayar. Na danna, sanda ta fita. Na danna, ƙafar hagu ta zagayo. Yana kallo har ɗan tsohon ya kai masallaci ya juyo. Sai ya ce, "Tsaya. Wannan mutumin ya warke ne a masallaci, ciwon ya koma ɗayan ɓarin?"

Na duba. Madubi. Na juya hoton kamar yadda muke yi tun fil azal, ban ko yi tunani ba. Yarinya mai jakar lekol idan an juya ta, yarinyar ce dai. Amma wannan tsohon da aka juya shi, sanda ta koma hannun hagu, ƙafar dama ce ta shanye. Mai ciwon hagu da zai bi shi, sai ya mayar da sanda hannun da ba ya riƙe komai.

Alhaji ya ce, "Ni ba zan bi mutumin da bai san ɓarin da yake masa ciwo ba."

Madam Zainabu ba ta yi dariya ba. Ta miƙe tsaye ta ce mini, "Ni tafiyar zuwa kawai na kalla. Na riga na tura wa wata mata a ƙauyen Kolokondé. Mijinta manomi ne, hagunsa ne ya shanye, kuma shi duk abin da aka nuna masa yi yake yi."

Ta kira lambar matar, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ta ce can ba kullum ake samun wurin cajin waya ba. Muka bar Alhaji a zaune muka fita neman babur.

Lokacin damina ne. Ta hau zem, wato babur ɗin haya, ɗaya, na hau ɗaya. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar gona, sai laka da ramuka cike da ruwa. Wuri biyu muka sauka muka taka da ƙafa, takalma a hannu, masu babur na turawa. Duk hanyar Madam Zainabu sai ta ciro waya ta kira, ta mayar. Ni kuma ina ta lissafin inda mutum zai faɗa idan sanda ta kuɓuce masa: a kan turmi, a kan dutsen murhu, a bakin rijiya. Na san kuma idan wani abu ya faru, ba atiliyena kaɗai zai rufe ba, ita ma babu wanda zai sake kawo mata majinyaci.

Da muka shiga gidan ba mu ga kowa a tsakar gida ba. Tabarma a shimfiɗe, sanda babu. Madam Zainabu ta yi sallama da ƙarfi. Sai matar ta fito daga bayan rumbu, mijin na biye da ita a hankali, sanda a hannun dama. Madam Zainabu ta je ta kama kafaɗarsa, ta duba gwiwoyinsa da gwiwar hannu, babu ƙujewa. Yaren Yom suke yi a gidan, amma matar tana jin Hausar kasuwa. Madam Zainabu ta tambaye ta ko sun kalli abin da ta turo.

Ta ce, "Mun kalla har batir ya mutu."

Madam Zainabu ta ce, "Idan ɗan tsohon ya kai masallaci ya juyo fa, me maigida yake yi?"

Matar ta dube mu da mamaki. Ta ce, "Ai wancan mai dawowa ba namu ba ne. Mutum biyu ne. Namu shi ne mai tafiya, ciwonsu ɗaya da maigida. Idan ɗayan ya fito sai mu jira ya wuce."

Madam Zainabu ta zauna a kan tabarmar da laka a ƙafafunta. Duk da haka muka karɓi wayar, muka kai ta wurin mai caji a kasuwa, na goge wasan da hannuna.

Maganar matar nan ce ta nuna mini mafita. Mutum biyu ne da gaske. Wanda madubi ya haifar ba shara ba ne, shi ne daidai ga masu ciwon dama. Abin da ya rage shi ne in zana mai ciwon hagu yana tafiya hagu, da hannuna, hoto bayan hoto. Idan na juya wannan ma, mai ciwon dama ya samu zuwa da dawowa. A farkon wasa sai a tambayi mai riƙe da waya wane ɓari ne ya shanye. Madam Zainabu ta ce kada in rubuta tambayar, da yawa ba sa karatu, in sa hoton mutum a taɓa ɓarin.

Sai dai ban taɓa ganin Alhaji daga ɗaya gefen ba. Daga can ƙafar da ta shanye ita ce kusa da mai kallo, sanda tana ɓoye bayan jiki. Ba abin da zan ƙirƙira da ka ba ne, bayan abin da ya faru. Na koma na durƙusa a gabansa da laka har lokacin a gefen zanen da na ɗaura, na gaya masa gaskiya: idan ban gan shi ya taho daga ɗaki zuwa kujera ba, aikin ya tsaya.

Ya tambayi 'yarsa, "Manomin nan bai faɗi ba?"

Ta ce, "Bai faɗi ba, Baba."

Sannan ya ce a ba shi sanda. Ya tafi ɗaki ya juyo ya dawo. Da ya iso kujera bai zauna ba, ya ce, "Kin gani, ko in sake?" Na ce ya sake. Ya yi ta zuwa yana dawowa har gumi ya jiƙa masa hula, Madam Zainabu na bin sa a baya da hannuwa a buɗe. Daga baya ta gaya mini tun da ciwon ya same shi bai taɓa yin tafiya mai yawan haka ba.

Sababbin hotunan sun ƙara nauyi, tsagaggiyar wayar ta fara sarƙewa daidai wurin juyawa. Na rage launukan riga, na cire itatuwan da na zana a bakin hanya, na mayar da masallacin ɗan gini mai ƙofa ɗaya. Wasan ya yi muni a ido, amma sanda ta zauna a hannun da ya dace. Wannan karon ban aika ba. Na kai da kaina, muka bi shi taki bayan taki, hagu da dama, zuwa da dawowa, kafin ta tura wa majinyatanta na ƙauyukan Partago da Kolokondé. Ta sanar da abokan aikinta a wasu garuruwa, su ma suka kawo nasu aikin, mai ɗaki ya daina zagayo da tela.

Bayan haka na daɗe ba na son ganin lambar Djougou a wayata. Duk lokacin da ta fito, abin da yake fara zo mini shi ne wani ya faɗi. Wata rana da hantsi ina tsaka da zane sai ga ta. Na bar ta ta yi ta ƙara kafin in ɗauka. Madam Zainabu ta ce, "Baba ne yake son magana da ke."

Na ce, "Lafiya dai?"

Sai na ji ana miƙa waya. Na gaishe shi, ya amsa a gajarce. Ya ce, "'Yar nan, wannan mutumin naki nawa gare shi. Yau na riga shi isa ƙofa, na tsaya ina jiransa. Ki ƙara masa sauri."

Na ce, "To, Baba."

Madam Zainabu ta karɓe wayar ta rage murya, ta ce, "Kaɗan kawai."